Ziyarar Daura: Wane Lokaci Ne Ya Fi Dacewa?

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Kazaure zai je Daura, ba ya isa birnin sai ya ratsa ta Sandamu. Saboda haka mutanen wannan gari sun saba ganin wucewar baƙi iri-iri: motocin 'yan makaranta masu zuwa ganin rijiyar Kusugu, da ma'aikatan gwamnati da suka ɗauki hutun shekara, da masu zuwa kallon hawan salla, da kuma ɗaliban jami'a masu neman tarihi daga bakin dattawa. Da yawa daga cikin baƙin nan sukan yi shawarar inda za su sauka da abin da za su kashe, amma ba safai sukan yi shawarar lokacin tafiyar ba. Ranar da mota ta samu, ko ranar da kuɗin hutu suka fito, ita ce ranar tashi. Alhali kuwa abin da baƙo zai tarar a Daura cikin watan Afrilu ya sha bamban da abin da zai tarar cikin Nuwamba.

Wannan magana ba ta tsaya ga ƙasar Hausa kaɗai ba. A ƙasar Italiya, inda tsofaffin birane ke cin abinci da zuwan baƙi, zaɓen lokacin ziyara babban al'amari ne. Birnin Venis, wanda aka gina a kan ruwa, yakan yi fama da ambaliyar teku wajen ƙarshen shekara. A watan Nuwamba na 2019 ruwa ya tashi har santimita 187, ya mamaye mafi yawan birnin. Idan kuma gari ya yi daɗi sai cunkoso ya hana sakat, har ta kai ga hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya a ranakun da aka fi cika, cikin watan Afrilu na 2024. A birnin Rum kuwa, zafin watan Agusta kan kori 'yan garin da kansu zuwa bakin teku.

Sai dai mai zuwa Italiya lissafi ɗaya ya ishe shi, watau na watannin Turawa, domin yanayinsu da yawancin bukukuwansu tare suke tafiya. Mai zuwa Daura kuwa lissafi uku ne a gabansa. Akwai na manoma, wanda ke bin rana da ruwan sama. Akwai na watannin Musulunci, wanda ke tsai da ranakun salla da hawa. Sa'an nan akwai na ofis da makaranta, wanda ke cewa ga ranar da mutum zai sami sarari. Lissafin nan uku ba kullum suke haɗuwa ba, kuma wanda ya bi ɗaya ya manta da biyu yakan dawo gida da ƙorafi.

ABIN DA AKE ZUWA GANI

Daura tana kimanin kilomita 120 arewa da Kano, da kimanin kilomita 80 gabas da Katsina, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, da Sandamu, da Zango, da Baure, da Mai'adua. Tun ranar 23 ga Satumba, 1987, sa'ad da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ita ce ɗaya daga cikin masarautu biyu na jihar.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne labarin da aka gada kaka da kakanni, cewa mata ne suka fara sarautar ƙasar, kuma Magajiya Daurama ce ta taso da jama'a daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake yanzu. A zamanin sarauniyar ne, in ji labarin, wani baƙo mai suna Bayajidda ya iso da dare, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu, ya je ya kashe shi. Daga aurensa da sarauniya aka sami Bawo, daga zuriyar nan kuma aka jingina asalin Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi, irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello a wani rubutu da ya yi cikin 1970, sun nuna cewa Hausawa da garuruwansu sun girmi wannan labari, kuma ya fi kyau a karanta shi a matsayin bayanin yadda gidajen sarauta suka ɗauki dangantakarsu. Wannan bai rage wa rijiyar daraja ba. Tana nan a cikin gari, an kewaye ta da gini, baƙi na jan guga suna shan ruwanta.

Akwai kuma tarihin baya-bayan nan. Wajen 1805 masu jihadi a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, daga baya danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar, wani sashe nata ya faɗa inda ake kira Nijar a yau, Turawan Ingila kuma suka mai da tsohon gidan sarauta kan gado, suka naɗa Malam Musa a 1904. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar. A garin ne kuma aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ranar 15 ga Yuli, 2025. Ke nan tarihin Daura a warwatse yake tsakanin birni da garuruwan kewaye, kuma ba duka ne a rubuce ba. Wanda ke son sa sai ya taka ƙasa, ya kuma sami dattawa a zaune. Wannan shi ne dalilin da ya sa lokacin zuwa ya zama abin dubawa.

BAZARA DA DAMINA

Bazara takan kama daga watan Maris zuwa Mayu. A Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, ƙasar Daura kuwa jigawa ce, rairayinta na ƙona ƙafa tun hantsi. Rijiyoyin ƙauyuka kan ja baya, ruwan sha ya yi tsada. Lokacin ne kuma na sanƙarau da ƙyanda. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta fi tsanani a arewacin Nijeriya, mutane fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, kuma cunkoso cikin zafi da ƙura yana daga cikin abin da ke taimaka wa cutar yaɗuwa. Abin takaici shi ne hutun ƙarshen zango na biyu a nan yake faɗawa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga an cusa yara cikin mota da tsakar rana an nufi Kusugu da su. Yaron da ƙishi ya galabaitar ba ya jin bayanin kowa. Fa'ida ɗaya ce bazara ke da ita ga mai tunani: wanda ya tsaya bakin rijiyar cikin Afrilu zai gane dalilin da ya sa labarin kafuwar ƙasa ya ginu a kan ruwa, da kuma girman abin da ake nufi da a hana gari ɗiba sai rana ɗaya a mako.

Ruwan shuka kan sauka wajen watan Yuni, wasu manoma ma sukan riga shi da binne. Daga nan har Satumba ƙasa kan yi kore shar, gero da dawa su rufe gefen hanya, iska ta yi sanyi bayan ruwa. Bishiyar gawo kaɗai ke saɓa wa 'yan'uwanta, domin da damina take zubar da ganye, da rani ta tsiro da sabo. Ga mai son kallo daga cikin mota, babu lokacin da ya kai wannan kyau, kuma babbar hanya mai kwalta ba ta hana tafiya.

Amma damina lokacin aiki ce. Ruwan da ƙasar ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba, saboda haka manomin da ya yi sakaci da noman farko ko maimai ya yi asarar shekara. Dattijon da ɗalibi ke nema yana gona tun asuba, idan ya dawo kuma a gajiye yake. Kufai da ragowar ganuwa sukan ɓace cikin shuka da ciyawa, hanyoyin ƙauye su yanke a lokacin marka, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara.

Akwai kuma wani abin da mai masauki ba zai taɓa furtawa ba. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya kai ƙarshen tashinsa. Bahaushe ba ya korar baƙo. Zai yanka kaza, ya auno tiya a kasuwa ko da bashi, ya ce baƙo raɓa ne. Ma'aikacin da ya kwashi iyali ya kai su ƙauye dogon hutu, yana ganin zumunci ya yi, wani lokaci nauyi ya ɗora wa ɗan'uwansa. Wanda dole ta sa shi zuwa a wannan lokaci, ya kamata buhun hatsi ya riga shi sauka daga mota.

KAKA DA ƊARI

Girbin gero kan fara cikin Satumba, yara su sami tumu su gasa. Amma ƙarshen Satumba da farkon Oktoba lokacin agazari ne, zafi mai gumi, sauro kuma bai tafi ba. Sai watan Nuwamba ya kama sa'an nan al'amura ke daidaita. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, dare ya fara sanyi, hazo bai yi kauri ba tukuna. An yanke dawa, an roro wake, an cire gyaɗa da riɗi, dammuna sun shiga rumbu, harawa ta hau bishiya. Gonaki sun buɗe, har mai tafiya ya iya ganin tudun tsohuwar ganuwa daga nesa. Kasuwanni sun cika, hatsi ya yi sauƙi, nono bai yanke ba, fura sabon gero ce.

Abin da ya fi wannan duka shi ne mutane sun sami sarari. Da kaka ake yawan ɗaurin aure, da ita ake dambe da kokawa da kalankuwa a ƙauyuka, makaɗa kuma su fito neman rabonsu. Dattawa sukan zauna a ƙofar gida ko gindin bishiya tun la'asar, kuma mutumin da rumbunsa ya cika ya fi sakin baki da labari. Baƙon kaka ba ya zama nauyi ga kowa, domin abin da za a ba shi yana nan a gida.

Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu ɗari ne. Iskar hunturu kan taso daga Sahara da ƙura, da asuba sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, leɓe ya tsage, mura da tari su yawaita. Wani lokaci hazo kan rufe gari kwana da kwanaki, har ya hana jiragen sama sauka a Kano da Katsina, hoto kuma ba ya fita da kyau. Bugu da ƙari, samari da yawa sun tafi cin rani, ƙauyuka sun rage armashi, sai masu lambu a bakin madatsun ruwa irin su Daberam da Sabke. Duk da haka ɗari shi ne na biyu wajen dacewa. Ana yini ana yawo ba a galabaita ba, kuma hutun makaranta na Disamba a cikinsa yake. Rigar sanyi da bargo da man shafawa sun isa maganinsa.

LISSAFIN WATA

Wanda hawa ya kawo shi, watannin Turawa ba su da amfani gare shi sai ya haɗa da na Musulunci. Manyan lokatan hawa a Daura uku ne: Ƙaramar Salla, da Babbar Salla, da Sallar Gani, wadda ake yi cikin watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi. A nan ne hakimai ke shigowa birni da dawakinsu da makaɗansu, a ji tambari da kakaki da algaita. Daga cikin hawan salla akwai wanda ake kira Hawan Magajiya, sunan da ke tuna wa jama'a cewa mata ne suka fara riƙe ƙasar, kuma sarautar Magajiya ba ta gushe daga fadar ba. Duniya ma ta fara lura da irin wannan al'ada, domin a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada.

Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, saboda haka kowace salla takan matso gaba da wannan adadi duk shekara, ta zagaye bazara da ɗari da kaka da damina cikin kimanin shekara 33. Alal misali, a 2015 Mauludi sau biyu ya zo, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba, duka cikin sanyi. A 2025 kuwa farkon Satumba ya faɗo, ana cikin damina. Bisa lissafi, a 2028 zai zo farkon Agusta, cikin marka, a 2030 kuma tsakiyar Yuli. Watau mai son ganin Sallar Gani a 'yan shekarun nan sai ya shirya wa ruwa da taɓo.

Babbar Salla ita kuma bazara ta nufa. An yi ta ranar 6 ga Yuni a 2025, a 2030 kuwa wajen tsakiyar Afrilu za ta zo, lokacin da zafi ya fi tsanani ga mutum da doki. Ƙaramar Salla ce ke tafe da albishir. An yi ta ranar 30 ga Maris a 2025, a 2028 za ta zo ƙarshen Fabrairu, a 2030 farkon Fabrairu, a 2033 kuma sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ke nan akwai shekaru masu yawa a jere da za a yi hawan Ƙaramar Salla cikin sanyi, abin da ba ya dawowa sai bayan shekara talatin da 'yan kai. Ɗalibin da yake aji ɗaya yanzu, idan wannan zagaye ya wuce shi, sai ya yi furfura kafin ya sake samunsa.

Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, ganin wata shi ke tsai da rana, lissafi kusantarwa kawai yake yi. Na biyu, akwai shekarun da akan soke hawa, kamar yadda aka yi a 2020 saboda annobar korona, wani lokaci kuma saboda sha'anin tsaro. Wajibi ne a saurari sanarwar majalisar sarki kafin a ɗaura kaya. Haka nan lokacin hawa ba lokacin bincike ba ne: masauki kan yi wuya, fada ta cika, masu sarauta ba su da sukunin amsa tambaya. Watan azumi ma bai dace da yawon 'yan makaranta ba, kuma daga wajen 2033 zai shigo Nuwamba na 'yan shekaru, sa'an nan masu shirya tafiya sai su matsa gaba ko baya.

SHAWARA GA MA'AIKATA DA MAKARANTU

Idan aka auna lissafin nan uku, amsar a fili take. Mai neman tarihi, da mai son kai iyalinsa, da makarantar da za ta kai yara, babu lokacin da ya fi musu daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Mai son hawa ya sa ido ga Ƙaramar Salla. Afrilu da Mayu a bar su sai da larura, Agusta kuma a bar wa manoma.

Ma'aikaci ba ya bukatar hutun shekara gaba ɗaya don wannan tafiya. Izinin kwana ɗaya ya isa idan ya haɗa da ƙarshen mako. Ya kwana Daura ranar Alhamis, ya ga Kusugu da safiyar Juma'a, ya yi salla a babban masallaci inda zai ga fitowar sarki da fadawa. Asabar ya zagaya Tsohon Birni da Zango, in da hali har Baure. Lahadi kuma ranar kasuwar Mai'adua ce, inda fatake daga Nijeriya da Nijar ke haɗuwa da shanu da raƙuma da tumaki, ya yi kallo da safe ya kama hanyar gida kafin dare. Wanda ke da niyyar ƙetarawa ta Kongolam ya fara tambayar halin da iyaka ke ciki, domin an rufe ta a 2019 da kuma 2023.

Shugabannin makarantu kuwa, abin da ya fi shi ne su sa ziyarar cikin tsarin zango na farko tun farkon shekarar karatu, maimakon su bar ta ta zama ladan ƙarshen jarrabawa a Afrilu ko Yuli. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta wa majalisar sarki da ƙaramar hukuma takarda tun da wuri don a tanadi mai yin bayani, a karanta wa yara labarin a aji kafin su tashi, a ɗauki ruwan sha isasshe, kada kuma a cika mota fiye da kujerunta. A koya musu cire takalmi inda ake cirewa, da gaisuwa irin ta fada, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutum. Ɗaliban manyan makarantun da ke Daura kanta, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, su ne suka fi kowa sa'a, domin Nuwamba kan same su a garin, abin da ya rage musu kuɗin mota ne zuwa Sandamu ko Zango da littafin rubutu.

An ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina, a watan Fabrairu na 2021. Duk ranar da jirgi ya fara jigila, baƙin Daura za su ƙaru ƙwarai. Zai kyautu kafin wannan rana hukumomin ilimi da na al'adu na Jihar Katsina su riƙa buga jadawalin shekara, mai nuna ranakun hawa bisa lissafi da makonnin da suka dace da ziyarar makarantu, a aika wa kowace makaranta tun watan Satumba.